Shamuwa ce ko Leda?

Soron Ɗinki,
Birnin Kano.
Farkon damina.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Maiduguri lafiya, direban bai yi irin gudun da ke tuna wa fasinja addu'o'in da ya manta ba. Allah Ya tsare ki a masauki kamar yadda Ya tsare ki a hanya, Ya haɗa ki da abokan zama na kirki.

Da gangan na cusa ta a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zanin gadon da Gwaggonki Asabe ta ninke miki. Na san halinki, ba za ki kai ƙasan akwati ba sai kin kwana uku, kin gama rajista, an ba ki ɗaki. Haka nake so.

Kin ga rubutun ya yi manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya. Ba sabon salo na ƙirƙiro ba. Ummi, idanuna tafiya suke yi. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ciwon da ke cin gani daga gefe zuwa tsakiya kamar yadda gara ke cin tabarma. Na hagu ya kusa gama nasa. Na dama yana kallon duniya kamar mai leƙe ta cikin indararo. Maganin ɗigawa yana rage wa ciwon sauri, amma ba ya dawo da abin da ya tafi. Ya ce wataƙila shekara ɗaya, wataƙila biyu, sani sai Allah.

Na san abin da kika yi yanzu. Kin miƙe, kin fara mayar da kaya cikin akwati. Zauna. Wasiƙar nan duk tsawonta magana ɗaya ce: kada ki bar karatunki ki dawo saboda ni. Sauran surutun tsohon malamin makaranta ne da ya rasa aji.

Ba zan cika ki da labarin gari ba, jiya-jiya kika bar shi. Soja sun koma bariki, masu manyan riguna sun karɓa, hotunansu na nan manne a bangon lungunmu, ruwan farko ya fara wanke musu murmushin. Wannan ne karo na biyu da na ga an yi haka, na farkon kina goye. Kowa yana cewa gari ya waye. Ni da nawa garin ke rufewa a hankali, ina taya su murna. Abin da nake so in ba ki shi ne kurakuraina, don su ne kaɗai dukiyar da na tara da yawa.

Na farko dai, na yi shekara hamsin da lafiyayyun idanu biyu ban yi amfani da su ba sai a kan takarda. Shekara ashirin da shida ina zuwa makarantar da nake koyarwa a ƙafa, jarida a gaban fuskata, mutane suna kauce mini kamar yadda ake kauce wa jakin da ya ɗauko azara. Na koya wa ɗalibai yadda ƙanƙara ke sauka a ƙasashen sanyi. Na zana musu furannin da ni kaina ban taɓa gani ba. Na sha rage wa mutum maki don ya kasa rubuta sunan wani tsuntsun Turai. Amma tsuntsun da ke sauka a katangar gidanmu kowace safiya, ko da za a ɗora mini wuƙa a wuya ban san sunansa ba.

Innarki, Allah Ya jiƙanta, ita ce mai ido a gidan. A bazara takan tsaya a tsakar gida da tsintsiya a hannu ta ce, "Malam, darbejiyar ƙofar gida ta yi fure, ba ka ji ƙamshi ba?"

Ni kuwa ko ɗagowa ba na yi, sai in ce, "To, a rubuta mata takardar yabo."

Takan yi dariya ta ce, "Kai dai Allah Ya shirye ka, Malam."

Na ɗauka dariyar nan shaida ce cewa na iya magana. Sai bayan ranta na gane sallama take yi mini a ƙofa kowace shekara, ni kuma ina aiko mata cewa ba na nan.

Saboda haka ki yi karatu, don shi kika je. Amma in kin fito daga aji ki rufe littafin, ki ɗaga kai. Ki tambayi mutanen Borno sunan bishiyar da kike shan inuwarta. In wani ya nuna miki ƙaramin abu ya ce duba, ki duba, ko da kina sauri. Mai nuna miki ƙaramin abu kansa yake miƙo miki.

Kin tuna bayan rasuwarta likita ya ce jinina ya hau, in riƙa tattaki kowace safiya. Ke kika fi kowa yi mini tsiya: "Baba, in sayo maka gajeren wando da kambas?" Da farko na yi shi ne kamar shan magani. Amma jarida ta fara gagarata a tafe, sai na rasa inda zan sa idanuna, dole na sa su a kan hanya. A haka na gano ashe a cikin unguwa nake zaune.

In rana ta fito na sha kokona, sai in bi lungun bayan gidanmu. Abu na farko da rana ke taɓawa shi ne zankon soron maƙwabtanmu, ya yi ja kamar an shafa masa manja, ƙasan lungun kuma har yanzu da sauran sanyin asuba. A katangar masallaci akwai wani kiski mai jan kai da ke gyaɗa wa duk wanda ya wuce kai. Na raɗa masa suna Ɗanmajalisa, don yana amincewa da komai tun ba a karanta masa ba. Gaba kaɗan kurciyoyi biyu ne a kan wayar lantarki, wadda dama ba ta da wani aiki sai ɗaukar kurciya. Ɗaya tana kuka, ɗayar tana gyara fiffike kamar ta sha jin wannan magana. Sukan tuna mini da wasu mutum biyu da na sani.

A bakin lungu mai ƙosai tana hura wuta, hayaƙin yana tashi ya shiga hasken rana ya zama shuɗi. Shekara nawa ina aikowa a saya mini ƙosanta, ban taɓa sanin hayaƙinta ya fi ƙosan kyau ba. Daga nan in yanki ta hanyar Mandawari. Akwai wani soro da ya rushe tun kina firamare, tumfafiya ta tsiro a tsagin bangon. Ba mai ba ta ruwa, ba mai sonta, akuya ma ba ta kula ta, amma ga ta da furanni fari da shunayya, a jere tsaf kamar aikin hular da aka yi wa ango.

Sai kududdufin nan da kuke toshe hanci in za ku wuce. Ki yi mini uzuri, ni nan ne lambuna. Da damina kainuwa takan rufe rabinsa, bado ya buɗe fararen furanni da safe, in rana ta take ya tsuke. Akwai wata balbela da ke tsayawa a kan tsohuwar taya a tsakiyar ruwan, fara fat, ƙazanta ta kewaye ta ko ɗigo bai taɓa ta ba. Na karanta littattafai da dama a kan tsare mutunci, babu wanda ya yi bayanin da balbelar nan ke yi da ƙafa ɗaya. Ana ta cike kududdufin da shara daga gefe, an ce wani zai yi shaguna. Ni da shi ciwonmu ɗaya, ban san wanda zai riga wani rufewa ba.

A bakinsa akwai tsohuwar tsamiya, a kanta shamuwa ke sauka. Nan ne ƙarshen tafiyata, kuma nan kuskurena na biyu ke jirana kowace safiya.

Kina da shekara goma sha ɗaya na sa aka sare ceɗiyar tsakar gidanmu. Na san kin tuna, ko da yake ba ki taɓa tayar mini da zancen ba, halin Innarki kika ɗauko. Tun zamanin kakana shamuwa ke sheƙa a kanta. Ba mai jifarta, ba mai korarta. In ta sauka, mata sukan leƙo ta katanga su yi wa Innarki barka, maza su nemi magini a yi yaɓe a gyara indararo, don an san ruwa ya kusa. Gidanmu ne ke gaya wa unguwa lokacin damina, ni kuma ina jira in ji a rediyo.

Laifin da bishiyar da baƙinta suka yi mini guda biyu ne. Saiwar ceɗiyar ta tsaga bangon ɗakin littattafaina, shamuwa kuma ta yi kashi a kan farar rigar da aka shanya mini ranar da masu duba makarantu za su zo. Da na faɗi niyyata, Innarki ta ajiye muciya ta ce, "Malam, bishiyar nan masaukin baƙi ce. Ba kai ka dasa ba." Sau ɗaya ta faɗa. Ni kuma na yi wayo irin namu na 'yan boko. Na jira rani, baƙin sun yi ƙaura, sannan na kira masu gatari, don kada a ce na rushe wa kowa gida yana ciki.

Da bazara ta ƙare suka dawo, su biyu. Kwana uku suna kewaya saman gidan. Su sauka a kan katanga, su dubi wurin da bishiyar take a da, su tashi, su sake kewayowa. Ke kina kuka a bakin rijiya. Innarki ta zuba ruwa a kwano ta ajiye a kan kututturen, ta ce, "Sun zo ba su tarar da gida ba." Na leƙo daga ɗaki na ce, "Tsuntsu ne, zai sami wata bishiyar." Gaskiya na faɗa. Sun samu, ba su kuma ƙara waiwayar gidanmu ba. Ɗakin littattafan da na ceta ya koma tanda saboda rashin inuwa, bayan shekara biyu gara ta shiga ta cinye rabin littattafan, har da waɗanda ban karanta ba. Ta fi ni himma.

Na yi niyyar neman gafarar Innarki sau da yawa. Ina jiran in sami kalmomin da suka dace, ni malamin harshe. Har aka ɗauke ta daga tsakar gidan nan, ta gefen kututturen, ban gama tsara jimlar ba.

Ummi, kada ki sare abin da ba ke kika dasa ba sai kin tambayi masu shan inuwarsa. In mai kawaici ya roƙe ki abu sau ɗaya, ki lissafa shi sau goma. In kuma kin yi laifi, "yi haƙuri" kalma biyu ce, ba ta buƙatar ƙamus. Ki faɗe ta tun mai ji yana da kunne.

Kusa da tsamiyar akwai wani zaure, a dakalinsa Malam Hashimu ke zama yana tufkar igiya. Makaho ne tun yana yaro. Wata safiya, bara, ina wucewa sai ya ce, "Malam Tica, yau ma sauri kake?"

Na tsaya. Na ce, "Yaya aka yi ka san ni ne?"

Ya ce, "Shekara ashirin kana wuce ni kana karkaɗa jarida, ba sallama. Ai ko cikin kasuwar Kurmi na ji takunka na san shi. Sai dai takun ya canja."

Na ce, "Tsufa ne."

Ya tofa wa tafinsa yawu ya ci gaba da murza ramar, ya ce, "Tsufa jan ƙafa yake sawa. Kai kuwa tambayar ƙasa kake yi kafin ka taka. Wanne ya fara, na dama ko na hagu?"

Na zauna a dakalin, karo na farko a rayuwata. Abin da na ɓoye wa 'yata da yayata, masu ido huɗu a tsakaninsu, makaho ya karanta shi a ƙasa.

Wannan ne kuskurena na uku. Shekara uku ina buga kafaɗa da bakin ƙofa ina zagin magini. Ina tuntuɓe da buta ina tambayar wanda ya ajiye ta a hanya. Maimakon asibiti sai in je kasuwa wurin mai tabarau a faranti, in gwada wannan in gwada wancan, in ɗauki wanda ya fi kauri, in dawo gida kamar mujiya. Tsoro nake ji kada a gaya mini abin da na riga na sani. Malam Hashimu ne ya kore ni zuwa asibiti, ya ce, "Ni ban zaɓi nawa ba. Kai in ka zauna, ka zaɓa." Da likitan ya gama haska ni sai ya ce, "Malam, da ka zo tun shekara uku." Bai ƙarasa ba. Ni na sha koyar da karin maganar nan cewa da na sani ƙeya ce, har jarrabawa na yi a kanta. Ban san ƙeyar tawa ake nufi ba.

In jikinki ya gaya miki magana, ki kai ta inda za a fassara miki da wuri. Kada ki ɓoye ciwo don kunya ko don kada a damu. Wanda kika ɓoye wa zai damu daga baya, ya ƙara da jin cewa ba ki yarda da shi ba. Na san kina jin haka game da ni yanzu. Kin yi gaskiya. Yi haƙuri. Kin ga na fara koyo.

Yanzu ni ɗalibin Malam Hashimu ne, kuma ba ya raga mini. Yakan sa in rufe idon da ya rage in gaya masa inda muke. Ƙamshin gurasa, to an kusa kwanar masallaci. Iska ta yi sanyi ta yi ƙarni, to kududdufi na hannun dama. Ya koya mini bambanta kukan kurciya da na tattabara, da sanin hadari ta yadda kaji ke yin shiru. In na kuskure yakan ce, "Tica, da a ajinka ne da ka sha bulala." Ana cewa gani ya kori ji. A makarantarsa ji ne ke zaune a kujerar gaba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bana da zafi ya yi zafi, na fara ɗaga kai ina duba tsamiyar nan kowace safiya. Na ƙudurta a raina cewa in Allah Ya yarda zan ga saukar shamuwa da idona, ko da wannan ne na ƙarshe. Wata ranar Talata na hango ta can ƙololuwa, baƙa, tana ɗan motsa fiffike. Ummi, sai da na cire hula. Na ce mata sannu da hanya. Na kuma gaya mata abin da ban gaya wa Innarki ba, a hankali, kada masu wucewa su ce Tica ya taɓu. Na dawo gida na ce wa Gwaggonki a nemo magini, ruwa ya kusa. Kin tuna ranar, har kika ce, "Baba yau da fara'a ya dawo."

Kwana uku ina zuwa ina gaishe ta. A na huɗu na ce wa Malam Hashimu, "Baƙuwarmu fa ta sauka."

Ya karkata kai ya saurara, ya ce, "Ban ji kaɗa bakinta ba."

Na ce, "Ga ta can ina kallonta, kai kana gardama da mai ido."

Wata mai fura tana wucewa, sai ya ce, "Baiwar Allah, don Allah duba mana kan tsamiyar nan, me ke sama?"

Ta dafe ƙwaryarta ta ɗaga kai, ta ce, "Ina? Wancan? Ai leda ce iska ta maƙala."

Malam Hashimu ya yi dariya har igiya ta faɗi daga hannunsa. Ya ce, "Tica, kwana uku kana gaida leda! Ta amsa kuwa?" Ni ma na yi dariya, don abin dariya ne. Sai da na shiga lungu, inda ba kowa, na sami bango na dafa.

An ce shamuwar ta zo bayan kwana goma. Malam Hashimu ya ji ta, ruwa kuma ya sauka. Na ɗaga kai na ga baƙi-baƙi guda uku, amma ban ƙara rantsuwa ba. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wanda ya yi wannan karin magana bai san ni ba.

Saura kuskure ɗaya, shi ne mafi nauyi, kuma ke aka yi wa. Shekara biyu da suka wuce takardar shigarki jami'a ta zo a watan da Innarki ta kwanta. Kika ninke ta kika tura ƙarƙashin katifa, kika ce, "Baba, ba inda za ni." Me na ce? Na ce, "To, zaɓinki ne." Na faɗa da murya irin ta uba mai wayewa, wanda ba ya tilasta wa 'ya'yansa. Gaskiyar ita ce daɗi na ji. In kin zauna, ke za ki riƙe kofin, ke za ki juya ta, ni in koma ɗaki in rufe ƙofa in buɗe littafi, don ba na iya kallon yadda take ramewa. Gwaggonki na nan, da ni da ita mun isa, da na yarda in isa.

Akwai abin da ba ki sani ba. Wata rana da hantsi kin tafi karɓo magani, Innarki ta kama bakin rigata ta ce, "Malam, kada ka bar yarinyar nan ta zauna saboda ni." Na ce na ji. Sau ɗaya ta faɗa, kamar yadda ta saba.

Shekara biyu na cinye miki, ƙawayenki sun yi nisa, kina wanke kwanuka kina yi musu murna. Allah Ya sake buɗe ƙofar, kuma ba kullum take buɗewa ba. In kika dawo yanzu don ki riƙe mini sanda, kin sa na saɓa wa Innarki sau biyu a kan magana ɗaya. Makanta zan iya ɗauka, Malam Hashimu ya ɗauke ta shekara sittin yana dariya. Wannan ne ba zan iya ɗauka ba. Don haka wannan karon ba zan ce zaɓinki ne ba. Umarni ne, na uba, irin na da. Ki zauna ki gama.

Kada ki damu da yadda zan yi. Gwaggonki ta sani tun makon jiya. Ta yi kuka, ta zage ni tas, sannan ta karɓe kwalbar maganin, safe da yamma ita ke ɗiga mini, tana danne mini goshi kamar mai yi wa rago alama. Hanyar tattakina na haddace ta, taku nawa daga zaure zuwa masallaci, taku nawa zuwa tsamiya. Har tufka na fara koya. Igiyata ta farko an ɗaure tunkiya da ita, ta tafi abinta ba ta ma san an ɗaure ta ba.

In kina son ki yi mini wani abu, ga shi. Ki riƙa fita da safe kafin aji, ko da zagayen makaranta ne. Ki duba da kyau. Sannan duk wata ki rubuto mini abin da kika gani. Ba na son labarin jarrabawa kawai, ba na son "muna lafiya." Ina son in ji wane tsuntsu ke tashinku, wane launi ƙasar can take yi in ruwa ya taɓa ta, ko ƙadangarun Borno ma 'yan majalisa ne. Ki rubuta da ajami, don Gwaggonki ce za ta karanta mini, ita kuma ba ta san boko ba. Da na gaya mata haka sai ta ce, "Tijjani, ashe rubutun nawa da kake kira tafiyar tsutsa zai yi maka rana?" Na ce zai yi, Yaya. Ta ce in maimaita, ba ta ji ba.

Shekaranjiya da kike gwada gyale a tsakar gida kin kama ni ina kallonki, kika ce, "Baba, mene ne? Bai yi ba ne?" Na ce ya yi. Haddace ki nake yi, Ummi. Tabon goshinki na faɗuwa daga dakali, da yadda kike ɗaga gira ɗaya in ba ki yarda da magana ba. Na taɓa haddace dogayen darussa don jarrabawa, sun zube. Wannan ba zai zube ba.

Na daɗe ina tunanin shamuwar nan a bakin kududdufi. Ba wanda ya taɓa jin haushinta don ta yi ƙaura. Tafiya aikinta ne. Aikin mai gida shi ne ta dawo ta tarar da bishiya a tsaye. Na kasa sau ɗaya. Makon jiya na sa an tone kututturen, na dasa reshen ceɗiya a gurbinsa, bai kai tsayin muciya ba. Ba zan ga inuwarsa ba, amma na san inda randa take, kuma taku bakwai ne daga ita zuwa gare shi.

In hutu ya zo, hutu na gaskiya wanda makaranta ta bayar, ki zo. In ya dace da farkon damina, za mu fita tare bayan koko, ki riƙe ni ta hagu. Za mu gaida Ɗanmajalisa, mu tsaya wurin Malam Hashimu ya yi mini tsiya a gabanki. Sannan ki ɗaga kai ki duba tsamiyar, ki gaya mini gaskiya, shamuwa ce ko leda. Kada ki rufa mini asiri. In leda ce ki ce leda ce, mu gaishe ta tare, mu koma gida.

Ki kula da sallarki, ki ci abinci a kan lokaci, ki rufe kanki in ana ruwa. Gwaggonki tana gaishe ki, ta ce yajin yana cikin gwangwanin madara, kada ki ba kowa. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya raba ki da sharrin hanya da na mutum, Ya buɗe miki karatu, Ya bar miki idanunki har tsufa, Ya kuma ba ki hankalin amfani da su tun yanzu. Allah Ya jiƙan Innarki, Ya sa ta yafe mini. Allah Ya yi miki albarka.

Takarda ta ƙare, layukan ma sun fara hawa kan juna. Ki mayar da akwatin ƙarƙashin gado.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Tijjani